Me ya sa Ingila ta rufe rumbun bayanan yaranta, kuma da me ta maye gurbinsa?

Tambaya: Ni ɗaliba ce, ina karatun aikin walwalar jama'a. A wani darasi an ce Ingila ta taɓa gina rumbun bayanai na dukkan yaran ƙasar domin kare su daga cin zarafi, ta kashe maƙudan kuɗi, sai wata gwamnati ta zo ta rufe shi. Abin ya ɗaure mini kai. Ba rashin musayar bayanai ake cewa yana jawo mutuwar yara ba? Shin rufewar ba ganganci ba ce, kuma da me aka maye gurbinsa?

Amsa: Malama, rumbun da kike nufi sunansa ContactPoint, kuma da tsakar ranar 6 ga Agusta, 2010 aka kashe shi. A ganina rufewar ba ganganci ba ce, domin maganin bai dace da ciwon da aka ce an haɗa shi dominsa ba. Inda nake ganin laifin gwamnatin shi ne abin da ya biyo baya: ta yi nawa wajen kawo madadi, ta kuma rage kuɗin ayyukan da ke kai ma'aikaci har cikin gidan yaro. Amma sai mun koma kan yarinyar da aka faro komai saboda ita, tukuna zancen zai fito.

An haifi Victoria Climbié a Abobo da ke birnin Abijan na ƙasar Kwaddibuwa a shekarar 1991. Iyayenta sun ba da ita riƙo ga wata 'yar'uwar iyayen mahaifinta, wadda a wajenmu kaka za ta kira ta, bisa alkawarin za ta sa ta a makaranta a Turai. Matar ta tafi da ita Faransa da fasfon da ba nata ba, da sunan Anna, daga can suka shiga Landan a watan Afrilun 1999. Ranar 25 ga Fabrairu, 2000 ta rasu a asibitin St Mary's tana da shekara 8. Likitan da ya binciki gawarta ya ƙirga raunuka 128. Watannin ƙarshe na rayuwarta a cikin bahon wanka take kwana, ɗaure cikin ledar shara, a tsakiyar hunturu. A watan Janairun 2001 kotu ta yanke wa matar da saurayinta ɗaurin rai da rai.

To, abin da ya girgiza ƙasar ba muguntar kaɗai ba ce. Yarinyar nan ba a ɓoye take ba. Ƙananan hukumomi huɗu sun san da ita: Ealing, Brent, Haringey da Enfield. Asibitoci biyu sun kwantar da ita a watan Yulin 1999, sau ɗaya da tabon duka a jiki, sau ɗaya da ƙunar ruwan zafi a kai da fuska. Rukuni biyu na 'yan sandan kare yara sun buɗe mata fayil. A asibitin farko babbar likita ta ce ƙazuwa ce, daga nan kowa ya sauke nauyi, aka mayar da ita hannun mai azabtar da ita. Wata 'yar sanda ta ƙi zuwa duba gidan don kada ta kwashi ƙazuwar. Ma'aikaciyar walwala ta yi ta zuwa ƙofar gidan ba a buɗe mata ba, sai aka ɗauka sun koma Faransa, alhali yarinyar tana ciki. Haringey ta rufe fayil ɗinta a ranar da ta rasu. Kwamitin bincike ƙarƙashin Lord Laming ya fitar da rahotonsa a watan Janairun 2003, ya nuna aƙalla wurare 12 da za a iya ceto ta, ya kuma ba da shawarwari 108. A cikinsu akwai wadda ta ce gwamnati ta duba ko akwai amfani a kafa rumbun bayanan yara na ƙasa, a fara da nazarin yiwuwarsa.

Ki lura da kalaman: a duba, a yi nazari. Gwamnatin Labour ta Tony Blair ta ɗauki wannan shawara guda ta gina gari a kanta. A watan Satumban 2003 ta fito da manufar da ta kira Every Child Matters, wato kowane yaro yana da daraja, sannan sashe na 12 na Dokar Yara ta 2004 ya ba ta ikon kafa rumbun. Kamfanin Capgemini ya gina shi, kafa shi gaba ɗaya ya ci fam miliyan 224, aka ƙiyasta zai riƙa cin sama da fam miliyan 40 duk shekara. A 2009 aka fara amfani da shi a arewa maso yammacin Ingila. Bai kai shekara biyu yana aiki ba.

Mutane da yawa suna ɗauka rumbun na ɗauke da sirrin gidaje, da rahoton likita, da bayanin wane ya doki wane. Ba haka ba ne. Littafin adireshi ne na yara wajen miliyan 11, duk wanda bai kai shekara 18 ba. Kowane yaro akwai sunansa, adireshi, ranar haihuwa, jinsi, wata lamba tasa shi kaɗai, sunan iyaye ko masu riƙo, makarantarsa, likitan unguwarsa, da lambar duk wani ma'aikaci da ke aiki da shi. Ayyuka masu sirri, irin su lafiyar ƙwaƙwalwa, shaye-shaye da lafiyar jima'i, sai da izini ake nuna su, kuma ko an nuna ba a faɗin wane ofishi ne. Manufar ita ce idan malamar makaranta ta ga abin da bai kwanta mata ba, ta duba ta ga wa kuma ya san yaron nan, ta ɗauki waya.

Hujjar masu goyon baya tana da ƙarfi, bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Ma'aikaci kan ɓata sa'o'i yana buga waya don kawai ya gano wace makaranta yaro yake, ko wane likita ke ganinsa, kuma gwamnati ta ce rumbun zai ceto sa'o'in aiki miliyan 5 a shekara. Sun ce a sa kowa a ciki ne saboda yaron da yake lafiya bana zai iya shiga uku baɗi, kuma idan masu matsala kaɗai aka sa, shiga rumbun ya zama tambari a goshin iyali. Sun kuma ce sai kana da jerin dukkan yara za ka gane wanda ba ya kowace makaranta. Ƙungiyar Barnardo's, wadda ta daɗe tana aikin yara, tana cikin waɗanda suka mara masa baya har ta shiga gwajin farko. Iyalan da ke cutar da yaro kuma sun iya ƙaura: da sun ga ido ya yi yawa a wannan ƙaramar hukuma sai su tsallaka wata, inda ba wanda ya san su. Wannan gaskiya ce, kuma rufe rumbun bai kawar da ita ba.

Amma ki gwada rumbun a kan Victoria da kanta. Da sunan Anna ta shiga ƙasar, a matsayin 'yar cikin matar da ke riƙon ta. Wata goma ta yi a Ingila ba ta taɓa taka makaranta ba. Rumbun kuwa daga rajistar haihuwa, da ta makarantu, da ta asibitoci, da ta masu karɓar tallafin yara yake cika cikinsa, don haka yaran da ya fi sani su ne waɗanda da ma an san su. Ko da ma ya nuna wa likitan asibiti na biyu cewa Brent ta san yarinyar, me zai ƙaru? Asibitocin nan biyu duk sun kira ofishin walwala, an kuma shigo da 'yan sanda. An san wa za a kira, an kuma kira shi. Abin da aka rasa shi ne wanda zai zauna da yarinyar ita kaɗai, da mai fassara tunda Faransanci take ji, ya tambaye ta yaya take kwana; wanda zai ce lallai sai ya ga ɗakin da take; shugaban da zai karanta fayil ɗin daga farko zuwa ƙarshe ya ce labarin nan bai haɗu ba.

Shari'ar Peter Connelly ta ƙara fito da wannan fili. A Haringey ɗin dai ya rasu, ranar 3 ga Agusta, 2007, yana da wata 17, da raunuka sama da 50. Shi kam sunansa na cikin rajistar yaran da ake wa tsaro. A cikin wata takwas ma'aikatan walwala, na lafiya da 'yan sanda sun gan shi kusan sau 60. An taɓa shafa masa cakulan a fuska don a rufe tabo, ma'aikaciya ta zo ta tafi. Kwana biyu kafin rasuwarsa likitar yara ta gan shi ba ta yi masa cikakken gwaji ba. Babu adireshin da ya ɓata a nan, kowa ya san kowa.

Ga kuma lissafi. A watan Maris na 2010 yaran da ke ƙarƙashin shirin kariya a Ingila wajen 39,000 ne, waɗanda hukuma ke riƙo kuma wajen 64,000. Wato saboda yaran da ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, aka tara bayanan miliyan 11. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Kowane adireshi da ya canza, kowane yaro da ya sauya makaranta, kowane suna da aka rubuta iri biyu, aiki ne da wani zai zauna ya gyara, kuma kuɗin gyaran daga aljihun da ake biyan ma'aikatan walwala yake fita.

Sai batun tsaro, wanda shi ya fi cin rumbun a idon jama'a. An tsara mutum tsakanin 330,000 zuwa 390,000 za su iya shiga: malamai, likitoci, ungozoma, 'yan sanda, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. An ce kowa sai an binciki tarihinsa, an horar da shi, an ba shi na'urar shiga da lambar sirri, kuma ana ajiye sawun duk wanda ya buɗe fayil. Duk da kyau. Sai dai a cikin mutum dubu ɗari uku ba za a rasa mai ɗan'uwan da matarsa ta gudu da 'ya'ya saboda duka ba, kuma abu ɗaya da wannan mutumin yake nema a duniya shi ne adireshi, wanda shi ne ainihin abin da rumbun ya ƙunsa. Gwamnati ta gane haka, sai ta kawo tsarin lulluɓe bayanan wasu yara: na matan da suka tsere wa duka, na waɗanda ake ɓoyewa saboda shaida a kotu, na yaran da aka ba wasu iyaye. Da aka ji cewa 'ya'yan fitattun mutane ma za su iya samun lulluɓin, sai talaka ya tambaya: in rumbun amintacce ne, me ya sa ake cire nasu? Kuma matar da ta gudu sai ta san akwai rumbun, ta san akwai lulluɓi, ta kuma samu wanda zai nema mata.

Ana cikin haka, a watan Nuwamban 2007, gwamnati ta fito ta ce hukumar haraji ta ɓatar da faya-fayan sidi guda biyu da aka aika ta wasiƙa, masu ɗauke da bayanan mutum miliyan 25, wato duk iyalan da ke karɓar tallafin yara, har da lambobin asusun banki. Ba a taɓa gano su ba. Aka ɗage buɗe ContactPoint, aka kira kamfanin Deloitte ya binciki tsaronsa, shi kuma ya ce haɗarin ana iya rage shi amma ba a iya kawar da shi. A watan Maris na 2009 gidauniyar Joseph Rowntree Reform Trust ta wallafa nazari kan rumbuna 46 na gwamnati, ta sa 11 a jerin waɗanda take ganin kusan tabbas sun saɓa doka, da ContactPoint a ciki. Akwai kuma wata damuwa da ma'aikatan matasa suka yi ta faɗa, wadda ni na fi ba ta nauyi: yarinya 'yar shekara 15 da ke son shawara kan ciki ko kan ƙwaya, in ta yi zaton malaminta zai ga alama a kwamfuta, ba za ta zo ba gaba ɗaya.

Saboda haka da jam'iyyun Conservative da Liberal Democrat suka kafa gwamnatin haɗin gwiwa a watan Mayun 2010, rufe rumbun na cikin yarjejeniyarsu, tare da soke katin shaidar ɗan ƙasa. Akwai siyasa a ciki, akwai kuma neman tsimin kuɗi, kada a ruɗe ki cewa tausayin yara ne zalla. Ministan yara na lokacin, Tim Loughton, ya ce za a duba wani tsari ƙarami da zai nuna wa ma'aikaci ko wani ya taɓa aiki da yaro mai rauni. Aka goge bayanan, madadin kuwa ya ɗauki shekaru.

Wanda ya fi kama da magajin rumbun shi ne tsarin da ake kira CP-IS, wanda aka sanar a ƙarshen 2012, aka fara shimfiɗa shi daga 2014. Yara iri uku kawai ya ƙunsa: wanda ke ƙarƙashin shirin kariya, wanda hukuma ke riƙo, da jaririn da ke ciki wanda aka riga aka yi wa shirin kariya. Idan aka kai irin wannan yaro ɗakin agajin gaggawa a ko'ina a Ingila, da an shigar da lambarsa ta NHS, wato hukumar lafiya ta ƙasa, sai alama ta fito wa nas cewa yaron nan ana sa masa ido, ga lambar ofishin da ke kula da shi. A lokaci guda kuma saƙo ya tafi wa ma'aikacin walwalarsa cewa an gan shi a asibiti kaza, ranar kaza. Wannan ya toshe wata tsohuwar dabara ta masu cutar da yara, ta zagaya asibitoci don kada likita ɗaya ya ga rauni sau biyu. Ina ganin wannan shi ne ma'aunin da ya dace: yara kaɗan, masu dubawa kaɗan, dalili guda bayyananne, kuma saƙon yana zuwa wa mutumin da nauyin ke wuyansa. Gurguntarsa ita ce bai san yaron da ba a riga an gano ba.

Don wannan gurbin ne cibiyoyin haɗin gwiwa da ake kira MASH suka bazu, bayan gundumar Devon ta fara a 2010. Dabarar ba ta da wani ƙyalli: a zaunar da ma'aikacin walwala, ɗan sanda, nas da jami'in ilimi a ɗaki ɗaya, kowa da kwamfutar ma'aikatarsa a gabansa. Idan ƙorafi ya shigo kan wani yaro, kowa ya duba nasa kundin ya faɗi abin da ya gani. Ɗan sanda ya ce an kira mu gidan sau biyu bana, nas ta ce an tsallake allurar rigakafi, jami'in ilimi ya ce yayarsa ta daina zuwa makaranta. Kowane ɗaya shi kaɗai ba ya ta da hankali, haɗuwarsu ce ke yi. Bambancinsa da ContactPoint shi ne ba a tara bayanan kowa a ajiye ba. Sai an sami dalili kan yaro guda ake haɗa nasa, kuma a take ake yanke shawara. Ingancinsu ya bambanta daga gari zuwa gari, wasu sun zama wurin tace takardu kawai. Akwai kuma wani ƙaramin tsari da nake so ƙwarai, Operation Encompass, wanda aka fara a Plymouth a 2011: duk daren da 'yan sanda suka je gida saboda rikicin miji da mata kuma akwai yaro, kafin a shiga aji washegari sun sanar da wani malami da aka keɓe a makarantarsa. Kuɗinsa kaɗan ne, amma yaron da ya kwana yana jin ihu ba zai sha faɗa don bai yi aikin gida ba.

Babban madadin da gwamnatin ta jingina da shi kuwa ba na'ura ba ne. A watan Yunin 2010 ta ɗora wa Farfesa Eileen Munro, wadda da ma tana cikin masu sukar rumbun, nazarin tsarin kare yara baki ɗaya. Rahotonta na watan Mayun 2011 ya zo da shawarwari 15, kuma jigonsa shi ne an mayar da ma'aikata masu cike fom. A lokacin doka ta ƙayyade kwanakin kammala binciken farko da kwanakin aiki 35 na cikakken bincike, kwamfuta na ƙirga wa kowa, ana auna ofishi da yawan fayilolin da ya rufe a kan lokaci ba da halin da yaran suka ƙare a ciki ba. Ta ce a rage ƙa'idojin, a ƙarfafa horo da kulawar manya a kan ƙanana, a bar ma'aikaci ya yi amfani da hankalinsa, a kuma taimaki iyali tun matsala tana ƙarama. An karɓi yawancin shawarwarin a baki. Sai dai shekarun nan su ne na tsuke bakin aljihu. Cibiyoyin Sure Start, inda uwa ke kai jariri ta haɗu da nas da sauran iyaye, sun haura 3,000 a 2010. Cikin shekara takwas kuɗinsu ya ragu da wajen kashi biyu cikin uku. Yaran da hukuma ke riƙo kuma suka haura 80,000. Kin ga an rufe rumbun da hujjar cewa mutane sun fi na'ura, sannan aka rage mutanen. Nan ne laifin da na ambata.

Wasu ƙasashen sun bi wasu hanyoyi. Holan ta kafa rajistar da ba ta ɗauke da komai sai alama: ma'aikaci ya sa alama a kan matashin da ya damu da shi, in wani ma'aikacin daban ya sa tasa, sai tsarin ya haɗa su su yi magana. Sikotilan ta gwada ba kowane yaro mutum guda mai suna, nas ko shugaban makaranta, wanda zai zama mahaɗar duk wani bayani a kansa. A watan Yulin 2016 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce sashen musayar bayanan dokar ya saɓa wa haƙƙin sirrin iyali, a 2019 aka janye shirin. Ciwon ContactPoint ne ya kama shi, na shimfiɗa tsarin sa ido a kan kowa. Su kuma masu cewa a bar kwamfuta ta hango yaron da za a cutar, kamar yadda gundumar Allegheny ta jihar Pennsylvania a Amurka take yi tun 2016, wani gwaji da aka yi a Ingila a 2020 ya nuna irin waɗannan manhajoji suna tsallake yara huɗu cikin biyar da ke cikin haɗari. Kuma tunda talaka ne ya fi barin sawu a kundin gwamnati, shi manhajar ta fi nunawa.

Wani abu da bai kamata ya wuce ki ba, tunda ya shafi al'adarmu ta riƙo: a dokar Ingila, idan yaron da bai kai shekara 16 ba zai zauna kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba iyayensa ba, kuma ba kaka ta jini ba, ba kawu, baffa, goggo, inna, yaya ko mijin uwa da matar uba ba, wajibi ne a sanar da ƙaramar hukuma ta zo ta duba. 'Yar'uwar kaka ko ɗan'uwan nesa ba sa cikin waɗanda aka ɗauke wa. Riƙon Victoria irin wannan ne. Dokar tana nan tun kafin rasuwarta, an ƙarfafa ta a 2004, amma yaran da hukuma ta san suna irin wannan riƙo a lokaci guda ba su kai 2,000 ba a shekarun da ake fitar da ƙididdigar, kuma kowa a fagen ya san adadin gaskiya ya fi haka nesa. 'Yan'uwanmu da ke can da yawa ba su ma san da ita ba. Wayar da kai a masallatai da coci-coci da ƙungiyoyin 'yan gari zai kai ga waɗannan yara fiye da kowane rumbu.

Game da zancen da kika ji cewa rashin musayar bayanai ke kashe yara, rabinsa gaskiya ne. Kusan duk binciken da aka yi bayan mutuwar yaro yana ambatonsa, har da na Arthur Labinjo-Hughes da Star Hobson, waɗanda suka rasu a 2020. Amma ki karanta rahoton binciken mutuwarsu na watan Mayun 2022 ki ga me ake nufi. Kakanni da dangi ne suka yi ta kai ƙara, har da hotunan rauni, aka ɗauke su masu neman fitina. Bayanin ya iso, ba a auna shi daidai ba. Sau da yawa kuma ma'aikaci kan riƙe abin da ya sani don tsoron dokar kare bayanai, alhali dokar ba ta taɓa hana faɗa ba in yaro na cikin haɗari. Wannan gyaransa horo ne da shugaban da zai tsaya wa ma'aikacinsa.

Zancen bai mutu ba. Nazarin tsarin kula da yara da gwamnati ta ɗora wa Josh MacAlister, wanda ya fito a 2022, ya ba da shawarar a yi amfani da lamba guda ga kowane yaro a duk ma'aikatu. Bayan kisan Sara Sharif mai shekara 10 a Woking a 2023, wadda aka cire daga makaranta da sunan karatun gida bayan malamai sun ga tabo a fuskarta, gwamnatin Labour ta gabatar da ƙudiri a watan Disamban 2024 mai ɗauke da lambar bai ɗaya, da rajistar yaran da ba sa makaranta, da rukunonin kare yara na haɗin gwiwa a kowane yanki. Wasu na cewa ContactPoint ne ya dawo ta taga. Ni ban ɗauka haka ba, in dai an tsaya a kan abin da aka faɗa. Lamba guda tana sa kundin asibiti da na makaranta su gane yaro ɗaya suke magana a kai ko da an rubuta sunansa iri uku, ba tare da an kwashe komai an zuba a wuri guda da dubban ɗaruruwa za su leƙa ba. Rajistar marasa makaranta kuma ta nufi gurbin da masu goyon bayan tsohon rumbun suka yi gaskiya a kansa.

Idan za ki auna sabon tsarin a rubutunki, ki tambayi mutum nawa ke iya dubawa da kuma bisa wane dalili, yaya ake kare adireshin matar da ta gudu, kuma teburin wa saƙon ke sauka. Tambayar ƙarshen ita ce mai wuya, domin a watan Satumban 2022 guraben ma'aikatan walwalar yara da babu kowa a kai a Ingila sun kai wajen 7,900, kusan ɗaya cikin kowane biyar.